Rigar da Yaya Ta Wanke

Laraba ce ranar hutun Yaya. Sauran kwana shidan tana ƙasan benen babban asibiti, a ɗakin wanki, inda ta shekara goma sha tara tana ɗura wa manyan injuna zannuwan gado, tana kwashe su da ɗuminsu, ta goge, ta ninke. Ba mai kiranta da sunanta. Ƙannenta ne suka fara ce mata Yaya, maƙwabta suka ɗauka, abokan aiki suka ɗauka, har mijinta, direban bas ɗin da ya girme ta da shekara takwas, in yana jin tsokana sai ya ce, “Yaya, a taimaka wa ƙani da ruwan shayi.”

A wannan Larabar tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, wajen ƙarfe huɗu saura, sai Auta ya shigo ta ƙofar baya ba sallama. Shi ne ƙaraminsu, mai walda, ɗan shekara talatin da huɗu. Yana da shekara shida uwarsu ta rasu, a hannun Yaya ya tashi, ita ta kai shi makaranta, ita ta kai shi koyon sana'a da makarantar ta gagara.

Bai dube ta ba. Akwai wani dogon abu a hannunsa, naɗe cikin takardar buhun siminti. Ya wuce bayan banɗaki, ya ɗaga murfin ramin da ruwan wanka ke gangarawa, ya saki abin a ciki, ya mai da murfin. Sannan ya zo bakin famfo ya tuɓe rigarsa.

“Ƙarfe ne ya yanke ni a wurin aiki,” in ji shi.

Ta dubi hannuwansa. Ba yanka, ko ƙwarzane babu. Ta dubi rigar. Wanda ya shekara goma sha tara yana wankin asibiti ba a yi masa bayanin jini. Jinin raunin mutum wuri guda yake jiƙawa ya bazu. Wannan kuwa ɗigo-ɗigo ne, daga ƙirji har kafaɗa har wuyan riga, kamar an yarfa fenti da buroshi.

“Auta, me ka yi?”

“Ki wanke min, Yaya.”

Da irin muryar da yake ce mata yana jin yunwa yana yaro ya faɗa. Ta ajiye tiren shinkafa. Ta san ba a sa wa jini ruwan zafi, kama zare yake yi. Ta tari ruwan sanyi, ta zuba gishiri, ta jiƙa, ta cuɗa, ta sake, har rigar ta fita fes. Ta shiga ɗaki ta ɗauko masa shuɗiyar rigar maigidanta.

“In an tambaye ki, tun sha biyu ina nan ina gyara miki ƙyauren nan,” ya ce yana ɓalla maɓalli. Ya ɗauki guduma a kan taga, ya je ya yi ta bugun ƙyauren gidan, wanda ba abin da ya same shi, har na tsawon minti goma, yadda duk layin za a ji.

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna wayarta ta yi ƙara. Abokiyar aikinta ce, wadda suke kira Rediyo saboda ba ta kashe baki. Yau muryarta ƙasa-ƙasa take.

“Yaya, kina zaune? An kawo matar ƙaninki yanzun nan. Malama. An ce a matakalar benensu aka tsince ta. Wanda ya gani ya ce da ƙyar ake gane fuskar.”

Malama tana koyar da 'yan aji uku a firamare. Shekara guda ke nan da rabuwarsu da Auta, kuma mako biyu da suka wuce kotu ta ba ta riƙon 'yarsu Mami, mai shekara biyar. Ta dawo daga makaranta da jakar littattafan yara a kafaɗa, tana hawa bene na biyu inda take haya, aka sauke mata ƙarfe ta baya. An fasa mata kai, an karya muƙamuƙi, an karya hannun dama da ta kare da shi. Mami tana gidan kakarta a lokacin.

Yaya ta kashe wayar. Auta yana zaune a kan tarin bulo yana goge gudumar da tsumma.

“Ta mutu?” ya tambaya.

“Ba ta mutu ba.”

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ci gaba da gogewa.

Washegari 'yan sanda suka tafi da shi, don duk benen sun san barazanar da ya yi wa Malama a bakin kotu. Da rana wata Sufeto ta zo gidan, doguwar mace mai magana a hankali kamar tana ƙirga kalmomin. Ta zauna a kujerar falo, ta buɗe littafi a cinyarta.

“Ƙarfe nawa ƙanin naki ya zo nan jiya?”

“Sha biyu.”

“Ya fita?”

“Bai fita ba sai yamma.”

Sufeto ta dube ta tsawon lokaci, sannan ta juyo da littafin. Yaya ta sa hannu. Maƙwabciyar da ke jikin katanga ta ce ƙwarai ta ji bugun guduma, har ya hana jaririnta barci, sai dai ba ta duba agogo ba.

Bayan mako uku aka ba da belinsa. Kawunsu, ƙanin mahaifiyarsu, tsohon mai sayar da katako, shi ya tsaya masa. Sharaɗin shi ne ya zauna a gidan da hukuma ta sani, kuma kada ya kusanci asibitin. Aka rubuta gidan Yaya. Ta share masa ɗakin da 'ya'yanta maza suka bari da suka tafi karatu.

A ɗakin wanki ba a rasa labari. Kowane sashe na asibitin da kalar hatimin zannuwansa, kuma na masu raunin kai ja ne. Duk sanda aka turo kekensu, Yaya sai ta sami wani aikin a can ƙarshen ɗaki. Amma kunnenta ba ya rufuwa, Rediyo kuwa tana ninki tana watsa shiri. Kwana goma sha tara Malama ba ta san inda take ba. Ta farfaɗo. An ɗaure mata muƙamuƙi da waya, sai ta bututu take shan abinci. Hannun dama yana cikin filasta, amma an ba ta littafi da biro, ta yi rubutu da hagu, kuma kalmar farko da ta rubuta sunan tsohon mijinta ne.

“Sai dai lauyansa ya ce ta baya aka doke ta, kuma wanda kansa ya fashe komai ma zai iya rubutawa,” in ji Rediyo. “Ya ce ga shaidar yayarsa nan.” Ta saci kallon Yaya. “Ni dai ban ce komai ba, Yaya.”

“Ke da ba ki taɓa cewa komai ba,” in ji wata mai guga, aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

Wata ranar Asabar mai tura keken kaya bai zo ba, shugaban ɗakin ya ce Yaya ta kai zannuwa sama. Ta so ta ajiye a bakin ƙofa ta juya, amma ma'aikaciyar jinya ta ce ta shigar har ciki. Gado na huɗu ne, kusa da taga. An aske gashin Malama ta gefe guda, ɗinki ya bi ta kan kunne ya gangaro. Idon hagu a rufe yake da auduga. Na daman ya sauka a kan Yaya, bai ƙifta ba.

Shekara bakwai wannan yarinya tana ce mata Yaya. A gidan Yaya ta yi jegon Mami. Sau biyu ta zo da kumburarren leɓe, sau biyun Yaya ta gasa mata da ruwan ɗumi, ta ce ta yi haƙuri, zuciya gare shi amma ba mugu ba ne.

“Sannu, ƙanwata,” in ji Yaya.

Malama ta jawo littafin da ke kan cikinta. Ta daɗe tana rubutu, haruffan suna karkacewa kamar na 'yan ajinta. Ta juyo da shi.

Na ji muryarsa. Ya ce kin ga abin da kika ja wa kanki. Kin sani, Yaya.

Mahaifiyar Malama, wadda ke zaune a kan tabarmar roba a gefen gadon, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Ba ta ɗaga murya ba.

“Baiwar Allah, kin kawo zannuwanki, mun gode. Ki fita.”

A gida kuwa Auta ya zama mutumin kirki. Tunda an hana shi zuwa shago, sai ya bi gidan yana gyara. Ya ɗaure famfon da ke ɗiga, ya liƙe ƙafar kujera, ya bi ƙofofin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya ya zuba wa maƙalansu mai, har ta kai ba ƙofar da ke ƙara in an buɗe ta. Yaya takan juyo a kicin ta gan shi tsaye a bayanta, ba ta san sanda ya shigo ba. Yana cin abinci da kyau. Yana yi wa maigidan hira kan ƙwallo. Sau ɗaya bai ambaci Mami ba, yarinyar da ya ce saboda ita yake shari'a.

Wata safiya maigidan yana ɗaure takalmi zai fita, ya ce ba tare da ya ɗago ba, “Shuɗiyar rigata, a jikin Auta na gan ta ranar nan da na dawo. Tasa kuma tana kan igiya.”

Yaya tana riƙe da butar shayi, ta tsaya.

“Ban tambaye ki komai ba,” ya ce. “Ƙaninki ne, ke kika raine shi. Amma wata uku ke nan ina kallon kwanonki. Kina juya cokali ne kawai.” Ya miƙe, ya ɗauki makullin bas. “Duk abin da kika yanke, ina nan. Abin da zan ce ke nan.”

Tambayoyin Auta sun fara ne a wata na huɗu, da aka sa ranar fara shari'a. Yakan yi su da safe, tana shirin fita, yana tsoma burodi a shayi.

“An ce Litinin za a cire mata wayar baki?”

“Haka na ji.”

“To, za ta yi magana ke nan.” Ya tauna. “Har yanzu tana sashen nan na sama?”

“Ban sani ba.”

“Ke da kike wanke musu zannuwa.” Ya yi murmushi. “Tsohuwar nan fa, uwarta, tana tafiya gida da rana ko a nan take wuni?”

Yaya ta ce ta makara, ta fita. Kwana biyu bayan nan ya sake tambaya, wannan karon kan ƙofar bayan asibiti, wadda ake shigo da sabulu da kayan wanki ta nan. Yana so ya san ko da mai gadi a wurin da tsakar rana, wai wani abokinsa ne ke neman aikin gadi.

Makullin wannan ƙofa yana hannun mutum uku, Yaya tana cikinsu. A ƙaramin aljihun jakarta yake zama. Ranar Laraba da rana ta neme shi za ta sauya jaka, ba ta gan shi ba. Ta zazzage komai a kan gado, babu. Da yamma ta sake dubawa, ga shi a aljihunsa kamar bai taɓa motsi ba. Ta kai shi bakin taga. A cikin haƙoran makullin akwai wani farin abu da ya maƙale. Ta kankare da farce, ta shinshina. Sabulun wanka ne, irin na banɗakinsu. An danna makullin a jikin sabulu an ɗauki siffarsa, kuma a gidan nan mutum ɗaya ne ya iya yanka ƙarfe.

Ta zauna a bakin gado. Ta cikin taga tana hango shi a tsakar gida, yana wanke ƙafa a bakin famfo, yana 'yar waƙarsa. Wata huɗu tana gaya wa kanta cewa zuciya ce ta ɗebe shi, abu ne ya riga ya faru, ɗaure shi ba zai mai da idon Malama ba. Yanzu ga sabulu a ƙarƙashin farcenta.

Da safe ta riga kowa zuwa aiki. Ta sami shugaban ɗakin wanki ta ce a sauya kwaɗon ƙofar baya yau ɗin nan, makullinta ya shiga hannun da bai dace ba. Ya buɗe baki zai yi tambaya, ya ga fuskarta, ya ɗauki waya ya kira kafinta. Ita kuma ba ta ko cire mayafi ba, ta fita ta hau mota zuwa ofishin 'yan sanda.

Sufeto tana cin gyaɗa a bayan tebur cike da fayiloli. Ta ture takardar gyaɗar gefe.

“Na yi zaton za ki zo tun kafin yanzu,” ta ce.

Yaya ta faɗi komai, daga ƙofar baya har gishirin da ta zuba a ruwa, har sabulun jiya. Sufeto tana rubutawa, ba ta katse ta ba sai a ƙarshe.

“Kin san ke ma kin yi laifi? Kin ba hukuma bayanin ƙarya, kin wanke shaida. Ba zan ce miki za a ƙyale ki ba.”

“Na sani.”

“Kuma za ki tsaya a gabansa ki maimaita. Da yawa sukan zo nan su faɗa, ranar kotu su ce ba su tuna ba.”

“Ki sa a tsare ɗakin da take tukuna,” in ji Yaya. “Sauran mu yi maganarsa daga baya.”

Ƙarfe biyu na rana 'yan sanda suka iso gidan, su biyar, da wani mai yashe rami. Auta yana kwance a inuwar katanga. Bai yi gardama ba da aka sa masa ankwa. A aljihun wandonsa aka sami sabon makulli, bakinsa yana walƙiya, ba a gama goge shi ba. Mai yashe rami ya ɗaga murfin, ya zura ƙugiya, a karo na uku ya jawo guntun rodi mai tsawon hannu, da ragowar takardar siminti a manne.

Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Auta ya dubi rodin, ya dubi Yaya da ke tsaye a bakin kicin. Ta so ya zage ta, ko ya yi kuka.

“Sannu da aiki, Yaya,” ya ce, aka fita da shi.

Kawu ya zo washegari da sandarsa da 'yan uwa uku a bayansa. Bai karɓi ruwan da ta kawo ba.

“Za ki koma ki ce a ruɗe kike. Ki ce 'yan sanda ne suka tsorata ki. Lauya ya ce in kika janye, rodin nan kowa ma zai iya jefa shi a rami.”

“Kawu, makulli ya yanka. Komawa zai yi ya ƙarasa ta.”

“Ke kika gani? Kin gan shi a asibitin?” Ya buga sandar a ƙasa. “Yayata tana kan gadon mutuwa ta kama hannun yaron nan ta sa a naki, ina tsaye. Yau ke ce za ki kai shi kurkuku saboda bare.”

“Ita ma wata ce ta haife ta, Kawu. Na ga uwar tata, a kan tabarma take kwana wata huɗu.”

Wata 'yar gwaggonsu ta ce dama tun suna yara Yaya take da son a ce ita ce ta kirki. Kawu ya miƙe. Ya ce in ta hau akwatin shaida, ranar da ya mutu kada ta zo, kuma ya faɗa a gaban shaidu. Maigidan, wanda ke zaune a bakin ƙofa tun shigowarsu, ya tashi ya buɗe musu ƙyaure.

Sau uku ana ɗage shari'ar. A tsakanin nan abokan Auta biyu na shagon walda suka sami sabon wurin zama, a kan dakalin da ke kallon ƙofar gidan Yaya. Ba sa cewa komai. In ta fito su bi ta da ido har ta sha kwana, in ta dawo suna nan. Wayarta takan yi ƙara tana tsakiyar guga, ta ɗauka, ta ji numfashi kawai da ƙarar injin yankan ƙarfe daga nesa. Maigidan ya sauya lokacin fitarsa aiki don ya riƙa raka ta tasha. Rediyo kuma ta ɗauki ɗabi'ar biyowa ta gidan da safe, wai hanyarta ce, alhali gidanta yana can ɗaya gefen gari.

Ranar da aka saurari shaidu, ɗakin kotun ya cika, fanka ɗaya ce ke juyawa. Malama ta fara. Ta rame, ta sa baƙin gilashi, bakinta ya ɗan karkace, maganar tana fita a daddafe har alƙali ya sa aka matso mata da abin magana. Ta faɗi matakala ta nawa take, ta faɗi abin da ta ji an ce a bayanta. Ba ta dubi inda Auta yake ba.

Sannan aka kira Yaya. Ta yi rantsuwa, ta ba da labarin kamar yadda ta ba Sufeto. Lauyan Auta ya taso a hankali yana gyara riga, da takarda a hannunsa.

“Wannan sa hannunki ne?”

“Nawa ne.”

“A nan kin ce yana gidanki tun sha biyu. Yau kin ce huɗu saura. Wato ke maƙaryaciya ce, abin da ya rage mu gano shi ne wace rana kika yi ƙaryar.”

“Ranar farko na yi ta.”

“Kika ce jini kika gani. Ke likita ce?”

“Mai wanki ce.”

Wani ya yi dariya a baya, alƙali ya ɗago kai, aka yi tsit.

“To, mai wanki, ta yaya kika san ba jininsa ba ne?”

“Ranka ya daɗe, ni na yi masa wanka har ya kai shekara goma, na san jikinsa. Ya tuɓe riga a gabana, ba rauni ko ɗaya. Kuma jinin a warwatse yake har bayan wuyan riga. Sai mutum ya ɗaga hannu sama ya sauke, ya sake ɗagawa, jini yake zuwa nan.” Ta nuna bayan wuyanta. “Da hannuna na wanke. Da ban iya wanki ba, da tun ranar kun gani da idonku.”

Lauyan ya tambaye ta ko tana ƙin ƙaninta ne. Ta ce a'a. Ya tambaya ko wani ya yi mata alkawarin wani abu. Ta ce alkawarin da aka yi mata shi ne ita ma za a gurfanar da ita. Ya koma ya zauna.

Bayan mako biyar aka yanke hukunci. Kafin nan alƙali ya tambayi Auta ko yana da abin cewa. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya ce, “Ita ta ja.” Alƙali ya rubuta wannan ma. Ya ce yunƙurin kisa ne da aka shirya, aka kuma fara shirya na biyu, ya ɗaure shi shekara goma sha takwas. Yaya kuma, a wata ƙaramar kotu, aka yi mata ɗaurin talala na wata shida, asibiti ya dakatar da ita wata uku. Dakalin ƙofar gida ya koma ba kowa. Kawu ya cika maganarsa, ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai.

Yaya ta je gidan yari sau ɗaya, a wata na biyu. Ta kai masa sabulu da man shafawa da silifa. Aka zaunar da su a dogon benci, da ragar ƙarfe a tsakani da gandiroba a gefe. An yi masa aski, ya ɗan yi ƙiba. Ya tambayi maigidan, ya tambayi ko famfon ya sake ɗiga.

“Auta,” ta ce, “ko sau ɗaya ba ka yi nadama ba?”

Ya dube ta da idanun nan da ta sani tun yana cikin zani.

“An ce in mutum ya zauna lafiya ana rage masa kashi ɗaya cikin uku,” ya ce. “Sha biyu ke nan. Ni kuwa kin san ba ni da rigima. Ina Malama take zaune yanzu? Har yanzu benen nan?”

Yaya ta miƙe. Gandiroban ya ce da sauran minti goma, ta ce ta gama.

Daga nan ba ta koma gida ba, gidan mahaifiyar Malama ta nufa. Ta tarar da kwalaye a tsakar gida an ɗaɗɗaure da igiya, katifu a jingine. Tsohuwar ta dube ta, ba ta ce ta shigo ba, ba ta kuma hana ta ba. Malama tana zaune a kan wani akwati tana jera littattafai da hannun hagu. Mami ta leƙo daga bayan labule, ta gane ta, ta rugo ta rungume ƙafafunta tana cewa Gwaggo. Yaya ta shafa kanta, ta ji kitson ya yi tsauri, irin na wanda aka yi da hannu ɗaya da taimakon tsohuwa.

Ta gaya wa Malama abin da Auta ya faɗa, kalma da kalma, ba ta rage ba. Malama ta saurara, ta ci gaba da jera littattafan.

“Na sani,” ta ce a hankali. “Shi ya sa na nemi canjin wurin aiki. Jibi za mu tashi.” Ta ajiye littafin da ke hannunta. “Wata huɗu kika yi kina rufa masa asiri, Yaya. Ina kwance ina jin ƙarar kekenku a baranda.”

“Haka ne.”

“Ban ce na yafe ba. Wataƙila nan gaba. Amma kin zo kotu, kuma Mami tana tambayarki.” Ta yago takarda daga wani littafi, ta ɗauki biro. “Bari in rubuta miki garin da makarantar. In kin sami hutu.”

Yaya ta sa hannu ta rufe takardar.

“Kada ki rubuta. Kada ki gaya min, kada ki gaya wa duk wanda ya san ni.”

Malama ta ɗago ido ɗayan ta dube ta.

“Ni na raine shi,” in ji Yaya. “Wata rana zai fito, zai zo ƙofata da furfura, ya ce Yaya ina 'yata take. Na san kaina. Abin da ban sani ba, ba zan iya faɗa ba.”

Malama ta ajiye biron. Yaya ta durƙusa ta ce wa Mami ta riƙa jin maganar mamanta, ta riƙa ɗaukar mata jaka. Ta taya su ɗaure kwali biyu da suka rage, don igiyar tana son hannu biyu. Sannan ta yi wa tsohuwar sallama, ta fita, ta bi layin har bakin titi ba ta waiwaya ba, ta tsaya jiran mota.